Kwallar Gwaggo ta Huɗu

Na Allah muke, babba da yaro, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggo ta amsa kira ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke Yola ta Karaye, ɗakin da ta fi shekara arba'in a cikinsa. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Ina rubuta wannan don kada a manta da ita, sannan akwai wata magana da ta daɗe tana jira daga bakina, ban faɗa mata ba har aka kai ta makwancinta.

Labarin ya same ni a Rogo Sabon Gari, inda nake aure. Ko da na iso an riga an fita da ita, tsakar gida cike da mata a kan tabarmi. Na zauna ana yi mini ya haƙuri ina amsawa. Amma na san gidanmu, na kuma san idon mutanenmu. Duk wadda ta shafa fatiha, kafin ta sauke hannu idonta ya zarce ƙofar ɗakin Gwaggo.

Wata mata da ta taho tun daga Beli ta yi kuka sosai, ta ce 'ya'yanta uku a ƙofar ɗakin nan suka koyi son karatu. Maƙwabciyarmu ta katanga ta ce Allah Ya jiƙanta, mace ce mai tsoron Allah, sai dai ba ta yarda da kowa ba, ko gishiri ka aika mata sai ta ɗanɗana kafin ta yi godiya. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ake rufewa da gefen mayafi. Can ta bayana na ji wata ta rage murya tana tambaya ko an buɗe kwalla ta huɗun. Aka ce mata wa zai buɗe. Wata ta ce layu ne a ciki, ta daɗe da ji. Wata ta ce a'a, littattafan soyayya ne irin masu lalata 'yan mata. Wata tsohuwa ta ce ko ma mene ne, ruwa ba ya tsami banza. Matar da ba ta yi awa biyu a kabari ba ake yi wa haka. Raina ya ɓaci, amma ba ni da bakin kare ta, dalilin kuwa yana tafe.

Wanda bai san gidanmu ba sai an yi masa bayani. Matan zamanin Gwaggo kwalla suke jerawa a ɗaki, manyan kwanukan nan masu murfi da zanen fure, su zuba atamfa da turare a ciki. Ita ma tana da guda huɗu a kan benci a ƙuryar ɗaki, amma ko ƙyalle ɗaya babu a cikinsu, littattafai ne zalla. Malamar firamare ce har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai bar mata ɗa ba, ta dawo gidan ubanta da kwallayenta. Takan ce gara da ɓera ba su san darajar takarda ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa a rufe zani a bar ilimi a fili ba. Aro take ba yaran unguwa, kowane yaro daga kwallar da ta dace da shi.

A ƙauyukanmu ba kowace uwa ce za ta faɗi shekarun ɗanta daidai ba, wadda ta sani ma takan ƙara ko ta rage gwargwadon abin da take nema. Saboda haka Gwaggo ba ta tambayar shekaru. Sai ta ce wa yaro ya buɗe bakinsa, ta kama haɓarsa ta leƙa kamar mai cinikin rago. In haƙoran nono suna nan reras, bai fara famfara ba, to ɗan kwalla ta ɗaya ne. A ciki akwai littattafan hotuna masu kaurin takarda, akuya da jaki da kwalekwale, kalma biyu ko uku a shafi, da na haruffa da na ƙidaya. Waɗannan ba ta cewa yaro ya karanta, cewa take yi a karanta masa, a bar shi ya nuna da yatsa ya yi ta tambayarsa. Uwar da ta ce ba ta iya boko ba sai ta ce mata hoto ai ba shi da boko, ta duba ta ƙirƙiro labarin da bakinta.

Ranar da haƙori ya faɗi kuwa ranar salla ce ga yaro. Da gudu yake zuwa yana washe giɓi, ita kuma sai ta sa yatsa ta taɓa wurin, don an taɓa samun ja'irin da ya shafa gawayi a haƙori ya zo a matsayin mai giɓi. Kwalla ta biyu ke nan, mai tatsuniyoyi da kacici-kacici da gajerun labarai da ƙissoshin annabawa cikin sauƙin harshe. Ta fi kowacce tsufa da yagewa, domin 'yan wannan shekarun da hannu da hanci da majina suke karatu. Gwaggo ta ce labarin da ya dace da mai giɓi shi ne wanda zai ƙare kafin uwarsa ta sake kiransa aike.

Ta uku sai wanda ya iya kai azumi har magariba, ko da guda ɗaya ne. Hujjarta ita ce wanda ya jure yunwar yini zai jure littafin da ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Nan ne dogayen labarai suke, na tafiye-tafiye da jarumta, da tarihin garuruwa, da masu bayanin yadda ruwan sama ke haɗuwa da abin da ke cikin injin niƙa. A nan ma ba ta karɓar shaidar yaro, ko ta uwarsa. Takan aika a tambayi ƙannensa, ta ce su ne ba sa rufa wa kowa asiri in sun ga an sha ruwa a bayan randa.

Na tuna wani magidanci da ya kawo ɗansa mai giɓi, ya ce yaron nan ƙwaƙwalwa ce, a ba shi daga ta uku. Gwaggo ta ce ba ta musa ba, amma ko jariri ya fi kowa wayo ba a ba shi ƙashi ya gwagwiya. Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, ya ce tsohuwar nan baƙin ciki take yi wa ɗansa. Washegari yaron ya dawo shi kaɗai ya karɓi tatsuniyarsa.

Rashin yardar Gwaggo bai tsaya kan yara ba. Akwai mai sayar da littattafai da kan biyo ta gidanmu a kan babur in ya taso daga kasuwar Karaye. Ya sha nuna mata bango yana cewa ga shi an rubuta na yara ne. Ita kuwa ta ce wanda ya rubuta bangon shi ne mai son a saya, don haka ba shaida ba ne. Sai ta sa a ba shi ruwa da tabarma a zaure, ta zauna da tabarau tana bin shafi ɗaya bayan ɗaya, shi yana can yana hamma. Babu littafin da ya taɓa shiga kwallarta ba ta karanta shi daga farko har ƙarshe ba. In yaro ya dawo da aro ya ce ya gama, ba ta tambayarsa farkon labari ko ƙarshensa, ta san nan maƙaryata ke leƙawa. Tsakiya take kamawa, ta ce wa ya ba matafiyin nan ruwa a rijiya. Daga nan ta shinshina littafin ko an ci tuwo a kansa.

Da wannan duka ba ta taɓa dukan yaro don ya yaga mata shafi ba. Ƙullun rogo take damawa, su zauna tare su liƙe. Na ga ranar da wata yarinya ta zo tana kuka, akuya ta cinye rabin littafin da ta ara. Gwaggo ta duba ragowar, ta duba yarinyar, ta ce a kawo mata akuyar ta yi mata tambaya a tsakiyar labari. Yarinyar ta fashe da dariya da hawaye a fuska, ta tafi da wani littafin.

Ta huɗu ita ce abin magana. Sai wanda ya cika azumi talatin cur, saurayi ko budurwa, kuma littattafanta ba sa fita daga ɗaki. Bayan la'asar mutum zai zo, Gwaggo ta saki asabari, ta zauna a gefensa tana tsince wake ko tana kaɗi, shi yana karatu. Wani ya fito ido jajir, wata ta fito tana murmushi ita kaɗai, wani ya yi kwana biyu ba ya son surutu. Kuma ta sa kowa ya yi mata alkawarin ba zai ba na ƙasa da shi labari ba. Abin da ta taɓa faɗa a kai bai wuce wannan ba: akwai littafin da yaro zai karanta shi kaɗai, akwai wanda sai da babba a gefe. A gari irin namu, asabari a sake da yara masu jan ido da alkawarin yin shiru sun ishi mutane abin taunawa na shekara da shekaru.

Wanda ya fi kowa zargi shi ne Baffa, ƙanenta, wanda daga baya ya zama babban gida bayan rasuwar mahaifina. 'Yarsa ta fari, yayata ke nan, ta shiga ta huɗu shekara guda kafin lokacina. Baffa ya ce tun daga nan yarinyar ta fara tambayar dalili in an ba ta umarni, ta kuma kafe sai ta yi karatun jinya. Ya zo ƙofar ɗakin Gwaggo ya ce a fito masa da kwallar ya gani. Ta ce masa ga tabarma nan, ya shigo ya zauna ta karanta masa duk wanda ya zaɓa, amma ba mai fita da su. Baffa ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna a yi masa karatu kamar ɗan aji ɗaya ba, kuma abin da ba a iya fitowa da shi rana akwai walakin a cikinsa. Ta ce to ya tafi da walakinsa. Sun yi ta gaisawa suna cin abinci kwano ɗaya da salla, amma maganar nan ba ta mutu ba har ta mutu.

Saura zare. Wani lokaci Gwaggo kan ga littafi mai kyau amma da shafi biyu ko uku da take ganin sun fi ƙarfin mai aro. Ba ta yagewa, ba ta shafewa da biro. Allura take ɗauka da baƙin zare ta ɗinke shafukan ta gefe, in yaro ya girma ta warware masa. Mu yara mun gama yanke hukunci cewa duk abin da ke bayan zaren nan maganar saurayi da budurwa ce, kuma ba abin da muke ƙwaɗayi kamarsa.

Ina 'yar kwalla ta uku, wajen shekara goma sha uku, Inna ta kwanta ciwo. An kai ta asibiti a Kano an dawo da ita, aka ce mini ta samu sauƙi, aka mayar da kwanana ɗakin Gwaggo don kada in dame ta. A kwanakin nan na ɗauki wani littafi mai koren bango, labarin wata yarinya da iyayenta manoma. Gwaggo ta ce in dawo gobe, tana son ta ɗan gyara shi. Da ta ba ni, shafi huɗu na tsakiya a ɗinke.

Da rana tsaka, ana ta aikin gyaɗa, na zagaya bayan rumbu da rezar yankan farce. Na tsinke zaren, ina jiran in ga saurayi. Babu saurayi. Uwar yarinyar ce ta kwanta ciwo, aka kai ta asibiti aka dawo da ita, aka ce wa yarinyar ta samu sauƙi. A shafi na uku ta rasu. Na karanta har yadda aka ɗora ruwan wanka a murhu.

Ban san tsawon zaman da na yi a bayan rumbun nan ba. Abin da na sani shi ne na tashi ban yarda da babba ko ɗaya a gidanmu ba. Na samo zaren kitso na mayar da ɗinkin yadda na ga ya yi daidai, na kai mata bayan kwana biyu. Abu ɗaya na manta, Gwaggo bahaguwa ce. Ɗinkinta hagu yake karkata, nawa ya karkata dama.

Ta juya littafin sau ɗaya, ta cire tabarau ta dube ni.

"Wa ya taɓa mini zare?"

Na ce ban sani ba.

"To. Duk ranar da kika sani, ki zo ki zauna ki faɗa mini. Kwalla ta huɗu tana jiran wannan ranar."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta kira ni ta ce in zo in zauna kusa da ita. Ni kuwa na san tarko in na gan shi, ko haka nake zato. Sai in ce zan ɗebo ruwa, zan kai niƙa, Inna na kirana. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haka na yi ta zille mata har wata biyu, ranar da na ga an ɗora ruwa a murhu da hantsi ba wanda ya ce zai yi wanka. Inna ce ta cika.

Azumin da ya biyo baya na cika talatin, amma ban je ba, domin ƙofar ta huɗu ta bakina take bi. Baffa ya lura, ya fassara abin yadda ya yi masa daɗi. Ya riƙa faɗa a zaure cewa 'yar ɗan'uwansa ita kaɗai ce mai hankali, da kanta ta ƙi shiga. Ya riƙa kafa misali da ni, ya ja ni a jiki fiye da 'ya'yan cikinsa, shi ya yi mini waliyyi. Ni kuma na karɓi yabon na yi shiru, shekara kusan talatin ina cin tuwon da ban tuƙa ba. Gwaggo tana ji, ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Sai dai in na zo ganin gida, muna cikin hira ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Har yanzu ba ki sani ba?" In yi dariya in kawo wata maganar. A raina cewa nake tsohuwar nan ba ta mantuwa, so take sai ta ga na durƙusa. Zuwana na ƙarshe, da ƙaramar salla, ta sake tambaya, muryarta ta yi ƙasa sosai. Na ce mata Gwaggo ke dai ba kya gajiya, na gyara mata matashi na fita.

Ranar sadakar uku, bayan maza sun watse, Baffa ya shigo cikin gida ya sa aka fito da kwallayen tsakar gida. Shi ne magajinta, ba mai ja da shi. Ya ce uku na farko a raba wa yara, ta huɗu kuwa za a juye abin da ke ciki a bayan gida a cinna wuta, ba tare da kowa ya duba ba. Ba da fushi ya faɗa ba. Ya ce yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, in akwai ɓarna a takardun nan, duk wanda ya karanta bayanta ita za a rubuta wa, shi kuwa ba zai bari nauyi ya bi ta kabari ba. Yayata ta durƙusa ta ce wallahi babu komai a ciki sai alheri. Bai ko dube ta ba, ya ce wanda aka shayar ba ya shaidar abin da ya sha. Sai ya juyo wurina.

"Ke ce kika tashi a ɗakin, kuma ke kaɗai kika ƙi. Faɗa musu abin da kika gani har kika ƙi."

Mata sun fi ashirin a wurin, har da masu maganar layu, kowacce ta zuba mini ido. Da na ce ban ga komai ba amma hankalina bai kwanta da ita ba, shi ke nan, wuta ta ci, ni kuma ina nan 'yar Baffa mai hankali. Na ji maganar ta zo har bakina, don ƙarya ta saba hanya. Sai na dubi kwallar, furen murfinta ya koɗe daidai inda babban yatsan hannun hagu ke kamawa.

Na ce, "Baffa, ban ƙi ba. Ban isa ba ne. Na warware mata ɗinki na yi mata ƙarya, ta ce sai na faɗi gaskiya zan shiga, na kasa. Ban san abin da ke ciki ba, kamar yadda ba ka sani ba."

Baffa ya daɗe yana dubana, irin duban da ake yi wa buhun da aka buɗe aka tarar da ƙaiƙayi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ba zan sake zama a idonsa yadda nake a da ba. Na roƙe shi, tunda mu biyu ne jahilan abin, ya buɗe a gaban kowa, gani ya kori ji. In ya ga ɓarna ni zan kawo ashana.

Ya yi bisimilla ya ɗaga murfin. Ƙamshin kanumfari ya taso, shi take zubawa saboda ƙwari. Babu laya, babu ƙulli. Baffa yana karanta boko a hankali, sai ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana bin bangon da yatsa, yana buɗe tsakiya kamar yadda ita take yi. Akwai mai bayanin sauyin jikin budurwa da na saurayi da hukuncin tsarki. Akwai labarin saurayin da ya tafi birni neman arziki ya dawo hannu rabbana, da yadda ya iya haɗa ido da ubansa. Akwai na yaƙi, wanda wani da ya gani da idonsa ya rubuta. Akwai na rayuwar wata ungozoma, yayata ta sunkuyar da kai da aka ɗaga shi. Na soyayya ma akwai, guda biyu, Baffa ya ware su gefe yana gyaran murya, matan layu suka gyara zama. Duka ba su kai talatin ba. Can ƙasa ya zaro wani mai koren bango, ya juya shi ya ga baƙin zare.

"To ga shi. In babu abin ɓoyewa, wannan fa?"

Na gane shi tun kafin ya gama fitowa. Ɗinkin yana nan ya karkata dama, zaren kitso ne. Na ce nawa ne, shi ne wanda na warware. Ya tambayi abin da ke ciki, na faɗa masa, uwa ce ta mutu a shafi huɗun nan, ba wani abu ba.

Yayata ta miƙa hannu ta karɓa tana juya shi. Ta ce wannan ai ɗan kwalla ta uku ne, ta karanta shi, ƙannenta ma biyu sun karanta kafin ni. Ta ce, "Lokacinmu babu ɗinki a jikinsa. Ko ɗaya."

Sai a lokacin na gane ni kaɗai aka ɗinke wa. Baffa ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya riƙe. Ya ce shi da mahaifina da Gwaggo suka dawo da Inna daga asibiti, likita ya riga ya faɗa musu abin da ake ciki. A mota Gwaggo ta roƙe shi da mahaifina kada kowa ya faɗa mini, a bar mata, ita ta san yadda za ta yi, za ta zaunar da ni a gefenta ta faɗa mini a hankali. Ya ce har yau shi a zatonsa ta faɗa mini.

Kiran bayan la'asar ɗin ke nan. Ta ga ɗinkin ta san na riga na karanta ni kaɗai a wani lungu, ta san abin da nake ɗauke da shi, shi ya sa take ta kirana in zo in sauke. Ni kuma ina ta kai niƙa. Na yi kuka ranar fiye da ranar da ta rasu, ba wanda ya ce in yi shiru.

Baffa bai ƙona komai ba. Ya ce in tafi da kwallayen duka huɗu, tunda ni ce na tona wa kaina asiri a kansu. Amma Baffa ne, sai da ya ƙara da cewa bai ce ya yarda ba, na soyayyar nan biyu suna hannunsa, kuma zai zo Rogo da kansa a zauna a karanta masa sauran ya ji da kunnensa. Ya zo kuwa, sau biyu yanzu. Yakan zauna a kan tabarma yana gyaɗa kai yana cewa a maimaita masa wancan wurin, bai gamsu ba. Fuskar da yake yi mini a da ba ta dawo ba, na kuma haƙura da hakan.

Kwallayen suna ɗakina. Yaran unguwa sun fara zuwa suna washe mini baki, ni ma na koyi sa yatsa in taɓa giɓin. 'Yata ta biyu, wadda Gwaggo ke kira kishiyarta saboda wasan jika, ita ce rasuwar ta fi taɓawa, ta yi sati ba ta cin abincin kirki. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na saki labule, na sa reza na tsinke ɗinkina, na ba ta littafin mai koren bango na zauna a gefenta ina tsince wake. Da ta kai shafi na uku cikin waɗanda aka ɗinke ta matso ta jingina da ni, muka ƙarasa tare.

Allah Ka yi wa Gwaggo rahama, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi gwargwadon idanun da ta buɗe. Ka yafe wa waɗanda suka zarge ta, ni ce ta farkonsu. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Gwaggo, kin tambaye ni har kika gaji, ko da yake ba ki taɓa nunawa ba. Na sani. Ni na taɓa miki zare.